Dama a Hancin Teku

Ranar Talata, tara ga watan bakwai, a shekarar da rijiyar kasuwarmu ta rufta, da ƙarfe goma saura kwata na safe, wani falke mai sayar da busasshen kifi ya yi sallama a ƙofar gidanmu, riƙe da sandar yayana. A wannan sa'a labarin nan ya soma. Abin da ya gabace ta zaman lafiya ne, ba shi da labari. Abin da ya biyo bayanta shi zan faɗa, yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Sunana Mantau. Mu mutanen Rafin Ɗinya ne, sana'ar gidanmu aikin madubi. Yayana Nomau ya fi ni hannu, ya fi ni kai, ya fi ni tsawo. Shi ya ƙera abin da muke kira madubin hange, wani bututun tagulla mai ƙwayar madubi a kowane baki, wanda in ka ɗora ido a kansa sai ka ga haƙoran akuya tana tuƙa a tsallaken kogi. Da ya gama shi sai garinmu ya yi masa kaɗan. Ya ji fatake suna labarin ƙasar Tsagaru, inda tudu yake ƙarewa teku ta soma, inda wata turba take bin kan duwatsu har zuwa wani tsauni da ake cewa mai ido yana iya hango wata duniya a bayan ruwa. Ya ce zai je ya gani, ya dawo kafin kaka. Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

Falken ya durƙusa a zaure ya ce, “Sai haƙuri. Teku ta ci shi, a wani wuri da suke kira Hancin Teku. Wata tsohuwa ce ta ba ni sandar, ta ce in kawo gida.”

Na ce, “Madubinsa fa?”

“Yana wuyan jagoran da ya kai shi, wani wai shi Bargaja. Al'adarsu ce a can, kayan wanda ya faɗa na jagoransa ne.”

“Baƙi nawa suka faɗa a hannunsa?”

Ya dubi ƙasa. “Ban bincika ba, Malam. Amma na ga gidansa. Babu irin kayan ƙasar da babu a ciki.”

Innarmu tana bayan asabari tana ji. Ba ta yi kuka ba. Ta fito ta karɓi sandar, ta shafa ta tun daga kai har gindi, sannan ta miƙo mini. Ta ce, “Ba na son madubi, ba na son diyya.” Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Washegari na ɗaure wuƙata a damtse na kama hanyar yamma.

Na ratsa ƙasashen da ban san sunansu ba. Na wuce garin da mutanensa suke gina ɗakuna a kan kuka saboda tsoron tururuwa masu girman ɓera. Na wuce filin da yashinsa yake kuka in an taka shi. Daga ƙarshe na iso wani kogi mai baƙin ruwa, mai fito ɗaya ne a kansa, dogon mutum mai ido ɗaya. Kwalekwalensa ba ya ɗaukar maƙaryaci, in ya shiga sai katakon ya buɗe a tsakiyar ruwa. Shi kuma mai fiton ba ya ɗaukar mai neman jini, don haka kowa sai ya tambaye shi abin da zai kai shi tsallake.

Ya ce, “Kai fa, gajere, me za ka yi a Tsagaru?”

Na ce, “Baba, wani mutum ne ya yi wa yayana hidima a hanya. Za ni in saka masa daidai da abin da ya yi.”

Ya ce, “Madalla da ɗan halak. Shigo.”

A tsakiyar kogin katakon ya yi ƙara a ƙarƙashina, ruwa ya ɗan tsattsafo ya jiƙa mini ƙafa, amma bai buɗe ba.

Ran da na fara ganin teku na zauna a ƙasa ina kallo. Ruwa ne ba gaɓar tsallake, yana zuwa yana dukan dutse yana komawa, ba ya gajiya. Garin Tsagaru yana manne a gindin duwatsun, daga bayansa turbar ta tashi ta nufi arewa. A kan turbar akwai wuraren da dutse ya turo kai bisa ruwa, inda matafiyi yakan tsaya ya sha kallo. Su suna kiran irin wurin maleƙa.

Na yi zaton zan tarar da mugu mai mugun kama. Sai na tarar da kyakkyawan mutum, mai fara'a, mai murya kamar ana zuba zuma. Yara suna binsa, tsofaffi suna sa masa albarka. A ƙirjinsa ga madubin yayana a cikin kube na jan fata. Na naɗe sandar Nomau a cikin tabarmata, na gaishe shi, na ce ni baƙo ne mai son kallo.

Ya ce, “Ka zo a sa'a, baƙona. Gobe zan kai Sarkin Fawa, sai ku zama biyu.”

Wanda ya kira Sarkin Fawa wani mahauci ne daga ƙasar gabas, sunansa Tunau, ƙato mai tumbi, wanda tari ya dame shi har wani mai magani ya ce masa sai ya shaƙi iskar teku daga kan tsauni. Tun hawan farko ya fara tsine wa mai maganin.

“Iska ya ce mini, iska! Bai ce in bi bango kamar ƙadangare ba. Jagora, babu wata iskar a ƙasa?”

Bargaja ya yi dariya. “Ta ƙasa ta talakawa ce, Sarkin Fawa. Taka tana sama.”

Muka bi turbar, teku a hagunmu, tudu a damanmu. Wani wuri ta ratsa kurmin itatuwan da iska ta tanƙwara duka gefe guda kamar masu ruku'u. Wani wuri ta sauka cikin kwazazzabo mai sanyi inda ruwan daɗi yake ɗiga daga dutse. A maleƙa ta farko, ta Jan Dutse, muka ga kifaye masu girman ɗaki suna wasa can ƙasa, suna feso ruwa ta ƙeya. Bargaja ya zaro madubin ya ba Tunau, sannan ya miƙo mini.

“Riƙe da kyau. Wani baƙo ne ya bar mini, Allah Ya jiƙansa. Mutumin kirki, sai dai ba ya jin magana.”

A jikin tagullar, kusa da baki, akwai wani ɗan lotsi da ni na yi shi da hannuna, ran da na yar da bututun a maƙera Yaya Nomau ya ja mini kunne. Na ɗora babban yatsana a kan lotsin. Na sa ido, ban ga komai ba. Na ce masa abin mamaki ne, na mayar masa.

Maleƙa ta biyu ita ce ta Tsuntsaye. Wasu fararen tsuntsaye ne suke sheƙa a wurin, ana ce musu 'yan maimai, don duk maganar da suka ji sukan riƙe ta su yi ta maimaitawa da muryar mai ita. Bargaja ya fara jifansu da tsakuwa tun daga nesa, ya ce mu yi sauri, wurin ba shi da kyaun tsayawa. Amma Tunau ya zube a ƙofar wata bukka da ke gefen turba, ya ce ko yanka shi za a yi ba zai ƙara taku ba sai ya ci abinci. Mai bukkar wata tsohuwa ce, Inna Duduwa, mai gasa wa matafiya kifi. Na yi mata sallama, ta dube ni ta daɗe kafin ta amsa.

Suna cin kifi na zagaya bayan bukkar. Tsuntsayen sun dawo sun sauka a kan duwatsu. Ɗaya yana tari irin na wani tsoho, ɗaya yana kiran sunan wata mace. Sai wanda yake kusa da ni ya karkata kai ya ce, da muryar yayana, “Jagora, wane gefe?”

Wani ya amsa daga sama, da muryar nan mai zuma, “Dama!”

“Ka tabbata? Ina jin iska a nan.”

“Dama, na ce!”

Daga nan suka yi shiru, suka ci gaba da gyaran fuka-fukansu.

Ban san lokacin da wuƙar ta zo hannuna ba. Sai na ji an riƙe mini gwiwar hannu. Inna Duduwa ce.

Ta ce, “Mai da ita, ɗan nan. Tun da ka yi sallama na gane ka. Murya ɗaya Allah Ya raba muku kai da ɗan'uwanka.”

Ta ja ni zuwa wani fili a bayan dutse inda kaburbura suke jere, ta nuna mini na ƙarshe. Ta ce duk wanda teku ta dawo da shi ita take wanke shi ta binne, kuma ta gaji. Na kwance tabarmata, na kafa sandar Nomau a wajen kansa. Na ce mata yau Bargaja ba zai ga faɗuwar rana ba.

Ta ce, “In ka zub da jini a kan turba, dattawa za su jefa ka a ruwa, su jefa wanda ya ba ka abinci. Kifina yana cikinka. Ni dai na tsufa, amma ba haka nake son in tafi ba. Zo ka ga wurin tukuna.”

Daga can ana hango Hancin Teku. Wani shimfiɗaɗɗen dutse ne siriri, bango a wajen tudu, gangare mai zurfi a wajen ruwa, kuma a jikinsa akwai ramuka nan da can da suka zarce har cikin teku. Lokaci-lokaci teku takan ja numfashi, ka ji nishi kamar na saniya a ƙarƙashin ƙasa, sannan ta feso farin tururi mai gishiri ta ramukan. Ba ya ƙona fata, amma in ya taɓa ido mutum ya makance sai wani yinin. Jagora ya san tazarar numfashi da numfashi, yakan ruga ya tsallake ido buɗe. Baƙo ba ya iya wannan gudun. Sai a naɗe masa fuska da rawani ya taka a hankali, jagora yana tsaye a wani kogo a ƙarshen dutsen, yana faɗa masa gefen da zai kauce. Kogo biyu ne, ɗaya a kowane ƙarshe, ana ce musu Kogon Kira.

Inna Duduwa ta ce, “Dokar wurin biyu ce. Murya ɗaya ce take kira, ta wanda yake tsaye a kogon da ake nufa. Kuma wanda ya yi ƙarya daga kogon, ruwa ne makomarsa. An kai Bargaja gaban dattawa ba sau ɗaya ba, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.”

“Amma ya ce dama, yayana ya bi dama ya faɗa.”

“Saurara. Tun kakanninmu turbar nan arewa ake fara binta, teku a hagu, tudu a dama. Da aka daɗe sai kalmomin suka bar hannu suka koma ƙasa. A bakinmu dama ita ce wajen tudu, hagu wajen teku, ko ina ka sa gaba. Ɗan Tsagaru ko juya shi ka yi har ya ga jiri, in ka ce masa dama, tudu zai nufa. A tafiya ba a gane bambanci, damarku da tamu ɗaya ce. To juya ka fuskanci kudu, kamar mai dawowa. Ina hannunka na dama?”

Na juya na ɗaga hannun. Yana wajen teku.

Ta ce, “Jagoran kirki yakan zaunar da baƙo ya faɗa masa wannan. Mijina haka ya yi har ya mutu. Bargaja ba ya faɗa. Yana dai kallon kayan mutum tun daga gari.”

Na mayar da wuƙar cikin kube. Na ce, “Inna, za ki biyo mu?”

Ta ce da ma tana da ganyen magani da za ta tsinko a can gaba.

Tsallakewar tafiya ba ta yi wuya ba. Bargaja ya ruga ya shige kogon arewa, Inna Duduwa ta naɗe mana fuska ɗaya bayan ɗaya. Na taka cikin duhun rawani, tururi yana dukan ƙafafuna, muryarsa tana ja na a hankali: dama, miƙe, hagu kaɗan, tsaya, miƙe. Ko uwa ba za ta fi shi lallashi ba. Na gane yadda mutum zai ba da ransa ga wannan murya. Tunau ya tsallake yana salati yana zagin mai magani a numfashi ɗaya. Da aka kwance masa fuska ya rungume Bargaja ya ce in sun koma gari zai yanka masa sa.

Da rana ta take tsaka muka hau maleƙa ta ƙarshe, wadda suke kira Ƙarshen Ƙasa. Ban taɓa ganin wuri mai kyaunta ba, kuma ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Gaɓar duka tana kwance a bayanmu kamar an warware zane, kurmi kore, duwatsu ja, kumfa fari yana yi musu gefe. A gaba kuwa ruwa ne kawai har inda ya haɗu da sama. Bargaja ya ba ni madubin. A wannan karon na duba sosai, don in ga abin da Nomau ya gani. Can a ƙarshen ruwan akwai wani siririn layi shuɗi. Ko ƙasa ce, ko girgije, ban sani ba har yau.

Bargaja yana tsaye a kafaɗata. Ya ce, “Baƙona, tun jiya nake cewa na taɓa jin muryarka. Ina ne garinku ma?”

“Rafin Ɗinya.”

Ya karɓi madubin ya zura a kube yana murmushi. “Gari mai albarka. To a komawa kai za ka fara tsallakewa, ka ga Sarkin Fawa yana ɓata lokaci.”

Tunau ya kwance guzurinsa, ya ci ƙafar sa guda shi kaɗai, ya tsotse ɓargon. Zafi ya sauko, kowa ya nemi inuwa. Bargaja ya rataye kuben a reshe, ya rufe fuska da hula. Na jira har numfashinsa ya daidaita. Na zare madubin na sa a cikin rigata, na zura ƙashin da Tunau ya yar a madadinsa. Tsawonsu ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya. Inna Duduwa tana tsinkar ganye tana kallona.

Da la'asar muka dawo Hancin Teku. Bargaja ya saurari nishin ruwa, ya ruga ya shige kogon kudu. Inna Duduwa ta naɗe mini fuska, ta matsa hannuna sau ɗaya ta saki.

Na taka. “Miƙe,” in ji shi. Na miƙe. “Miƙe, baƙona, kada ka ji tsoro.” Da na ji na kai tsakiya na yi kamar na yi tuntuɓe, na durƙusa, na ajiye madubin a kan dutse, na tashi.

“Dama!”

Duk jikina ya so ya bi hannun da na saba. Na cije leɓe na kauce wajen hannun hagu, wajen tudu. Ƙafata ta sami dutse.

Ya ƙara ɗaga murya. “Dama, na ce!”

Na ƙara matsawa wajen tudu har kafaɗata ta taɓa bango. Daga nan muryarsa ta canza, zumar ta ƙare, amma doka ta ɗaure shi, ga shaidu a ɗaya kogon. Ya ci gaba da kira yana faɗin gaskiya kamar mai tauna tsakuwa, ni kuwa ina fassara kowace kalma da harshensu, har na ji inuwar kogo a kaina. Na kwance rawanin.

Ya ce, “Tsohuwar nan ta yi surutu.”

Na kama hannun rigarsa. “Sunansa Nomau. Ka taɓa tambayarsa? Ya fi ni tsawo. Ba ya cin kuɓewa. In yana aiki yakan turo harshe gefe kamar yaro. Ya gaya maka yana jin iska a gefen, ka ce masa dama.”

“Gaskiya na faɗa masa. Je ka tambayi dattawa. Sake mini riga.”

“Zan sake. Duba kubenka tukuna.”

Ya buɗe, ƙashin sa ya faɗo a ƙafarsa. Na nuna masa da haɓa. Can a tsakiyar Hanci tagulla tana ƙyalli a bakin wani rami.

Na ce, “Numfashi mai zuwa zai tafi da shi. Ni ba na so, innarmu ma ta ce ba ta so.”

Da ya tsaya ya yi tunani da ya san tazarar ta riga ta yi nisa, don na cinye masa rabinta da magana. Amma da madubin nan yake riga kowa hango jirage da garken kifi, shi ya mai da shi babban mutum a Tsagaru. Ya fizge rigarsa ya ruga. Ya kai, ya sunkuya ya ɗauka, ya juyo ya fuskanci kudu. A nan teku ta yi nishi. Farin tururi ya tashi ta kowane rami ya rufe shi.

Da ya washe, ga Bargaja a tsaye, hannu ɗaya a kan ido, ɗaya riƙe da madubi. Ya taka sau biyu da lalube ya tsaya. A gabansa akwai rami, a wajen teku gangare. Mafita ɗaya ce, ta wajen bango.

Ya ɗaga murya. “Inna Duduwa! Inna, wane gefe?”

Daga kogon arewa ta ce, “Murya ɗaya ce a Hanci, Bargaja. Ka fi kowa sani. Ba kogona ka nufa ba.”

Ya juyo da fuskarsa wajena, hawaye suna zuba ta tsakanin yatsunsa. “Baƙo. Malam. Ka san doka. In ka yi ƙarya, kai ma ruwa.”

“Na sani.”

“To wane gefe?”

Na ce, “Dama.”

Ya tsaya kamar an kafa shi. “Damar wa? Taku ko tamu?”

“Yayana bai sami wanda zai yi wa wannan tambayar ba. Dama.”

Ya yi wata irin dariya. “Ka koyi maganarmu, na gani da idona. Kuma ka ratso duniya don raina. Mutumin da ya yi wannan tafiya ba ya tsoron dattawa. Ƙarya kake yi, ɗan Rafin Ɗinya.”

Ƙarƙashin dutsen ya fara nishi kuma. Na tattara muryata na faɗa masa yadda shi ya faɗa, “Dama, na ce!”

Ya ɗaga ƙafa ya kauce wajen teku.

Bai yi ihu ba. Tagullar ce na ga ta yi walƙiya sau ɗaya a cikin iska. Na tsaya ina jiran in ji wani sanyi a ƙirjina, irin wanda na yi ta zato tun daga gida. Abin da na ji kawai shi ne ƙafafuna suna ciwo.

Sai muryar Tunau daga can, fuskarsa a naɗe, “Jama'a, me ya faru? Wa zai kira ni? Kada ku bar ni a nan da wannan tsohuwa da ganyenta!”

Na ce, “Sarkin Fawa, ni ne Mantau. Manta da dama da hagu. In na ce hannun tuwo, ka bi hannun da kake cin tuwo. In na ce ɗayan, ka bi ɗayan.”

“Ni da hannu biyu nake ci!”

“To hannun wuƙa.”

Da hannun wuƙa da ɗayan na jawo shi har kogo, ya faɗo kaina yana kuka. Inna Duduwa ta naɗe tata fuskar, na kira ta da harshensu.

Dattawan Tsagaru suka zauna a kan maganar a gindin wani dutse a bakin gari. Suka tambayi Inna Duduwa ko kalmar da na faɗa gaskiya ce. Ta ce mafita tana wajen tudu, kuma dama na ce, sau uku. Suka tambayi Tunau. Ya ce shi fuskarsa a naɗe take, amma kunnensa a buɗe, dama ya ji. Babbansu, wani makaho mai farin gemu, ya daɗe yana murza sandarsa.

Ya ce, “Baƙo, ba ka yi ƙarya ba, ba ka zub da jini ba, ba za mu jefa ka ba. Amma mun san abin da ka yi, kai ma ka sani. Ka raba turba da jagoranta. Ka tsaya a kogo ka kira mutum biyu sun tsallake lafiya. To kogon ya zama naka. Ba za ka bar Tsagaru ba sai ran da wani ya karɓe ka.”

Na ce, “Baba, ina da tsohuwa a gida.”

Ya ce, “Bargaja ma yana da ita.”

Ga waɗanda suka rage bayan wannan al'amari.

Inna Duduwa, wadda ta wanke Bargaja da teku ta dawo da shi, ta binne shi nesa da baƙinsa. Ta ƙara 'yan shekaru, ba ta sake wanke baƙo ba.

Tunau mahauci, wanda ya koma gabas ta Rafin Ɗinya da saƙona a bakinsa. Tarinsa bai warke ba.

Innarmu, wadda fatake suka ce ta saurari Tunau har ƙarshe, sannan ta tambaye shi ranar da Mantau zai iso.

Uwar Bargaja, da matarsa, da 'ya'yansa mata uku, waɗanda suke sauya hanya in sun hango ni.

Ƙanensa Zarto, wanda bai taɓa ce mini uffan ba, amma duk ranar da zan ruga in tsallake Hanci yakan zo ya zauna a kan dutse yana kallon ƙafafuna, ya ga ko sun fara nauyi. Sun fara.

Sai ni, Mantau, a Kogon Kira. Ba wanda ya zo ya karɓe ni.

Iyakarmu ke nan.